Shin gwamnati kamar magidanci ce, dole ta tsuke bakin aljihu idan bashi ya yi yawa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin firamare ne. Mun yi musu da yayana da ke aikin banki. Ya ce gwamnati kamar magidanci ce, idan samu ya ragu bashi ya taru dole a rage kashe kuɗi ko da jama'a za su sha wuya, kuma wai duk masanin tattalin arziki na ƙwarai ya yarda da haka. Raina bai kwanta ba, amma na rasa amsar da zan ba shi. Da gaske babu masanan da ke ja da wannan magana?

Wa alaikumus salam, Malam. Akwai masu ja da ita, kuma suna da yawa. Cikinsu akwai waɗanda suka ci lambar yabo ta Nobel, irin su Joseph Stiglitz da Paul Krugman, akwai kuma waɗanda suka yi aiki a cikin Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wato IMF, suka dawo daga baya suka ce an yi kuskure. Na daɗe ina koyar da wannan fanni, kuma ina cikin masu ganin cewa misalin magidancin nan ya cutar da talakawa a ƙasashe da yawa. Yayanka yana da gaskiya a wani wuri, zan zo kansa, don ba zan so ka koma masa da rabin magana ba. Amma bari mu fara da inda misalin ya karye.

A 2015 da 2016, lokacin da farashin ɗanyen mai ya faɗi, jihohi da dama suka kasa biyan albashi wata da watanni, har sai da gwamnatin tarayya ta kai musu ɗauki. A lokacin akwai wani mai shayi da nakan zauna a teburinsa da safe, kusa da ƙofar wata sakatariya. Da farko ma'aikata ba su daina zuwa ba, sai dai littafin bashinsa ya fara cika. Mai cin ƙwai biyu ya koma ɗaya, mai ɗaya ya koma shayi da burodi tsura. Da aka shiga wata na uku ya sallami yaron da ke wanke masa kofuna, ya ce wa mai kawo burodi ya rage rabi, mai ƙwai kuma ya riƙa zuwa bayan kwana uku maimakon kullum. Wata rana na tarar da shi yana juya littafin nan, ya ce mini, "Malam, ni ba ma'aikacin gwamnati ba ne, amma ni ma an riƙe mini albashi." Ban taɓa jin wanda ya bayyana wannan darasi a taƙaice kamarsa ba. Gidan burodin ya rage ma'aikata, mai kiwon kaji ya rage sayen dusa, ɗan acaɓan da ke jiran ma'aikata a bakin ƙofa ya koma gida da rabin abin da ya saba. Ita kanta jihar, harajin da take cira daga albashi da kuɗin da take karɓa a kasuwanni da tashoshin mota duk suka ragu.

Magidanci idan ya rage cefane, albashinsa yana nan yadda yake, domin mai biyansa daban, mai sayar masa da tumatir daban. Gwamnati kuwa ita ce babbar mai saye kuma babbar mai ɗaukar aiki a ƙasa, kuma samunta yana fitowa ne daga samun mutanen da take kashe wa kuɗin. Idan ta janye hannu a daidai lokacin da 'yan kasuwa da magidanta su ma suka janye, babu wanda ya rage da zai saya. Wannan shi ne abin da masanin Birtaniya John Maynard Keynes ya tsaya a kai a 1936, bayan babban karayar tattalin arzikin da ya fara a 1929: tsimi yana da kyau ga mutum ɗaya, amma idan kowa ya yi shi lokaci guda, samun kowa ne ke raguwa. Ga kuma wasu bambance-bambancen: magidanci yana tsufa ya mutu, dole a biya bashinsa kafin a raba gado, ƙasa kuwa tana sabunta bashinta daga zamani zuwa zamani. Magidanci ba ya sa wa maƙwabtansa haraji, ba shi kuma da babban banki.

Ƙasar da aka gwada maganar yayanka a kanta ba tare da sassauci ba ita ce Girka. Gaskiya ne shugabanninta sun yi ɓarna, sun ɓoye girman giɓin kasafin kuɗinsu, wanda da aka tona aka ga ya kai kusan kashi 15 cikin 100 na abin da ƙasar ke samarwa a 2009. A watan Mayun 2010 Tarayyar Turai da IMF suka ba ta rancen yuro biliyan 110 bisa sharaɗin ta yanke albashi da fansho, ta ƙara haraji, ta rage ma'aikata. A 2012 aka zaftare mafi ƙarancin albashi da kashi 22 cikin 100. An yi musu alkawarin cewa wuyar ta ɗan lokaci ce. Abin da ya biyo baya shi ne tattalin arzikin ƙasar ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, rashin aikin yi ya haura kashi 27 cikin 100 a 2013, fiye da rabin matasa masu neman aiki suka rasa, likitoci da injiniyoyi suka yi ta ƙaura zuwa Jamus da Birtaniya. Shi kuma bashin da aka ce za a magance, ya tashi daga kusan kashi 127 cikin 100 na arzikin shekara zuwa kusan kashi 180. An gudu ba a tsira ba.

Lissafin ba shi da wuya, ko ɗalibanka na aji shida za su iya shi. Ana auna nauyin bashin ƙasa ne da girman abin da take samarwa a shekara. A ce ana bin ka 120, samunka 100, nauyin ya zama kashi 120. Idan matsin da ka yi ya sa samunka ya sauka zuwa 75, ko sisi ba ka ƙara ci ba, nauyin ya koma kashi 160. Garin neman gira an rasa ido. Abin da ya fi ƙona mini rai a labarin Girka shi ne mafi yawan kuɗin da aka ranta mata bai tsaya a hannun gwamnatinta ba, ya wuce ne wajen biyan masu bin ta bashi, cikinsu har da bankunan Faransa da Jamus da suka ba da rancen ido rufe. Ita kuwa Jamus da ta fi kowa tsauri a kan Girka, a 1953 an taru a Landan an yafe wa Jamus ta Yamma kusan rabin bashinta na waje, kuma Girka tana cikin ƙasashen da suka sa hannu.

Ba 'yan adawa kaɗai suka ga haka ba. A watan Oktoban 2012 IMF da kanta ta fitar da rahoton cewa masu hasashe sun raina illar matsin. Sun ɗauka duk yuro ɗaya da gwamnati ta janye zai rage tattalin arziki da rabin yuro, sai bincike ya nuna a irin wannan yanayi yana rage shi da tsakanin 0.9 da 1.7. Babban masanin asusun a lokacin, Olivier Blanchard, ya faɗaɗa bayanin tare da Daniel Leigh a farkon 2013. A 2016 kuma wasu manyan masu bincike uku na asusun suka rubuta a mujallarsa cewa tsuke bakin aljihu yana ƙara tazara tsakanin mai kuɗi da talaka, tazarar kuma tana hana tattalin arziki ci gaba mai ɗorewa. Don haka idan yayanka ya ce duk masana sun yarda, ka ce masa hukumar da ta fi kowa tallata maganin ta amsa cewa ta kuskure awon sa.

Akwai wani labari da nake ba ɗalibaina kowace shekara. A 2010 masana biyu masu suna a Amurka, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, suka fitar da bincike cewa idan bashin ƙasa ya haura kashi 90 cikin 100 na arzikinta na shekara, bunƙasa tana tsayawa cak, har ta ɗan koma baya. 'Yan siyasa suka rungumi wannan adadi hannu bibbiyu. Ministan kuɗin Birtaniya George Osborne ya kafa hujja da aikinsu, haka jami'an Tarayyar Turai da 'yan majalisar Amurka masu son a yanke kasafi. Bayan shekara uku, wani ɗalibin digiri na uku a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst, Thomas Herndon, aka ba shi aikin aji ya sake lissafin wani sanannen bincike. Ya yi ta yi bai samu adadinsu ba. Da ya roƙa suka aiko masa da jadawalin Excel ɗin da suka yi aiki da shi, sai ya ga wajen ɗaukar matsakaici an tsallake layuka biyar, wato ƙasashen Ostareliya, Ostiriya, Beljiyam, Kanada da Denmak. Ya kuma ga an ba shekara ɗaya tak ta New Zealand, 1951, wadda tattalin arzikinta ya faɗi warwas, nauyi daidai da shekaru goma sha tara na Birtaniya. Da shi da malamansa biyu suka gyara, sai bunƙasar ƙasashe masu bashi sama da kashi 90 ta fito kashi 2.2 cikin 100 a shekara, maimakon ƙasa da sifili. Masu binciken sun amsa kuskuren jadawalin, suka dage cewa yawan bashi yana tafiya da raguwar bunƙasa. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, sai dai ba a san wanne ke jawo wanne ba, domin ƙasar da tattalin arzikinta ya tsaya dole bashinta ya hau. Ramin da aka tsoratar da duniya da shi a kashi 90 dai babu shi. Kafin a gano, an riga an rufe asibitoci, an riga an sallami ma'aikata.

Sukar da masu ra'ayin kawo sauyi ke yi ba ta tsaya kan lissafi ba. Suna tambaya: wa aka ɗora wa kayan? Dubi Birtaniya. Bashinta ya hau ne bayan rikicin bankuna na 2008, inda gwamnati ta zuba kusan fam biliyan 45 a banki ɗaya kawai, RBS, don kada ya durƙushe. Da gwamnatin David Cameron ta hau a 2010, sai aka ce ƙasa ta ci fiye da ƙarfinta. Aka ɗaga harajin sayen kaya, wato VAT, daga kashi 17.5 zuwa 20, wanda talaka ya fi jin sa. Aka zaftare kuɗin ƙananan hukumomi, ɗaruruwan ɗakunan karatu na jama'a suka rufe, aka rage tallafin naƙasassu da iyalai. A cikin shekarun nan ne kuma aka rage harajin masu manyan albashi daga kashi 50 zuwa 45, na kamfanoni daga 28 har zuwa 19. Babbar ƙungiyar da ke raba abinci kyauta ga mabuƙata a ƙasar ta raba ƙunshi kusan dubu 60 a shekarar 2010 zuwa 2011. Cikin shekara huɗu adadin ya haura miliyan ɗaya. Duk wannan kuwa a lokacin da kuɗin ruwa na babban bankin Ingila yake rabin kashi ɗaya cikin 100, wato lokacin da rance ya yi arahar da bai taɓa yi ba a tarihinta kafin nan, lokacin da ya kamata a gina gidaje da layin dogo.

Ita wannan Birtaniyar ce ta fito daga yaƙin duniya na biyu da bashin da ya ninka arzikinta na shekara fiye da sau biyu, kuma a cikin wannan hali gwamnatin Clement Attlee ta kafa tsarin kiwon lafiya kyauta ga kowa a watan Yulin 1948, ta gina gidajen talakawa masu ɗimbin yawa. Ba ta sauke bashin da yunwa ba. Tattalin arzikin ne ya yi ta girma shekara talatin har nauyin ya yi sauƙi. Ka kuma lura da yadda kalmar "babu kuɗi" take ɓacewa idan abin ya taɓa manya. A 2008 majalisar Amurka ta amince da dala biliyan 700 don ceto bankuna cikin 'yan makonni. A watan Maris na 2020, da annobar korona ta zo, ta amince da sama da dala tiriliyan 2, Birtaniya kuma ta ɗauki nauyin kashi 80 cikin 100 na albashin ma'aikatan da aka zaunar a gida. Jamus da ta rubuta takunkumin cin bashi a kundin tsarin mulkinta a 2009, ta sassauta shi a watan Maris na 2025 don sayen makamai, ta kuma ware yuro biliyan 500 na gyaran hanyoyi da gadoji da jiragen ƙasa da aka bari suka lalace. Ban ce duk waɗannan matakai kuskure ne ba, wasunsu ma dole ne. Abin da nake so ka gani shi ne, ranar da shugabanni suka ga abu ya zama wajibi, kuɗi yana fitowa. Idan aka ce babu na makaranta ko na asibiti, zaɓi aka yi, kuma ana iya tambayar wanda ya yi shi.

To, ga inda yayanka yake da gaskiya, kuma a nan nake rabuwa da wasu abokan ra'ayina da suka wuce gona da iri. Akwai masana, irin su Stephanie Kelton ta Amurka, da ke cewa ƙasar da ke buga kuɗinta kuma take cin bashi da shi ba za ta taɓa rasa abin biya ba, iyakarta ita ce hauhawar farashi. Misalinsu Japan, wadda bashinta ya ninka arzikinta na shekara fiye da sau biyu, ta kuma shafe shekaru da kuɗin ruwa kusan sifili. Maganarsu tana da ƙarfi a kan Japan da Amurka. Amma bashin Japan da kuɗin Japan ne, mafi yawansa kuma a hannun 'yan ƙasar da babban bankinsu yake, ƙasar kuma tana ƙera motoci da injunan da duniya ke saye. Girka ta shiga tarko ne domin yuro ba nata ba ne, ba za ta iya buga shi ba. Gana ta dakatar da biyan mafi yawan bashinta na waje a watan Disambar 2022 domin da dala ake bin ta, har gyaran bashin cikin gida ya taɓa ajiyar 'yan fansho, tsofaffi suka yi ta zaman dirshan a ƙofar ma'aikatar kuɗi a Akra. Ko Birtaniya ba ta tsira ba: a watan Satumbar 2022 gwamnatin firaminista Liz Truss ta sanar da rage harajin fam biliyan 45, mafi yawan amfaninsa ga masu hali, ba tare da nuna inda za a cike giɓin ba. Kasuwa ta birkice, fam ya faɗi, ba ta cika kwana hamsin a kan mulki ba.

Najeriya tana iya buga naira, ba ta iya buga dala, kuma da dala muke sayen alkama da magani da injuna. Mun ɗanɗana wannan a jikinmu. Gwamnatin tarayya ta yi ta karɓar rancen kai tsaye daga Babban Bankin Najeriya har ya kai naira tiriliyan 22.7, wanda majalisa ta mayar da shi bashin dogon zango a watan Mayun 2023, alhali a lokacin da ake karɓar sa doka ta taƙaita irin wannan rance ga kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar shekarar da ta gabata. Kuɗin ya shiga kasuwa, amma buhun masara da wutar lantarki ba su ƙaru daidai da shi ba, sai farashi ya hau, naira ta yi rauni. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a 2022 biyan bashi ya cinye kusan kashi 96 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Duk wanda ya ce maka wannan ba matsala ba ce, bai faɗa maka gaskiya ba. Iyaka tana nan. Sai dai iyakar ita ce abin da ƙasa ke iya nomawa da ƙerawa, da kuɗin wajen da take samu, da harajin da take iya tarawa. Ba a faɗaɗa waɗannan ta hanyar barin makarantu su rushe.

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Manomin da ya ranci kuɗi ya haƙa rijiyar burtsatse ya yi noman rani, da wanda ya ranta ya yi bikin ƙarya, dukansu ana bin su bashi, amma ba ɗaya suke ba. Ko a ma'aunin magidancin ma, uban da ya cire 'ya'yansa daga makaranta ya sayar da shanun huɗa don ya biya bashi da wuri, bai yi dabara ba, ya sayar da samun baɗi ne. Ciwonmu a Najeriya, a ganina, ƙarancin kuɗin shiga ne da mummunan kashewa. Harajin da ake tarawa bai kai kashi 11 cikin 100 na arzikin shekara ba a ƙididdigar 2021, yana cikin mafi ƙanƙanta a duniya, kuma ma'aikaci irinka da ake cire wa tun kafin albashi ya iso hannunsa shi ne mai biya ba fashi, masu manyan gidaje da manyan kwangiloli kuwa suna da hanyoyin zillewa.

Mun kuma taɓa shan wannan magani na tsuke bakin aljihu. A 1985 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta buɗe muhawara a kan rancen IMF, jama'a suka ƙi, aka ce an fasa. A 1986 sai aka kawo shirin sake fasalin tattalin arziki da ake kira SAP, mai ɗauke da kusan duk sharuɗɗan: karya darajar naira, janye tallafi, sayar da kamfanonin gwamnati, buɗe ƙofa ga kayan waje, da rushe hukumomin sayen amfanin gona, har da na auduga da gyaɗa. Naira da take kusan kai ɗaya da dala ta koma kusan huɗu a dala cikin shekara guda. Hukumomin nan suna da laifinsu, sun daɗe suna danne farashin manomi, amma da aka rushe su ba a kafa komai a gurbinsu ba, iri mai kyau da tantance ingancin auduga suka tafi tare da su. Albashin malamai ya zama ba ya kai mako biyu, malaman jami'a da likitoci suka watse zuwa Saudiyya da Turai da Amurka, asibitoci suka koma rubuta magani a je a saya. A 1989 aka yi tarzomar SAP a birane da dama. Masaƙun Kaduna da Kano ba SAP kaɗai ya kashe su ba, akwai rashin wuta da fasa-ƙwauri da ambaliyar atamfar waje, amma tsadar kayan gyara da ta biyo bayan faɗuwar naira da raunin noman auduga sun sare musu gwiwa tun da wuri. 'Yan'uwanmu na Nijar sun ga nasu a watan Janairun 1994, da aka raba darajar sefa biyu a dare ɗaya. Tun a 1987 Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fito ya nuna yadda irin waɗannan shirye-shirye ke cin lafiyar yara da karatunsu a Afirka da Kudancin Amurka.

Shi ya sa nake kallon abin da ya faru daga 29 ga Mayun 2023 da idon wanda ya taɓa gani. Ba na kare tsarin tallafin man fetur yadda yake a da. Ya cika da almundahana, mai motoci biyar ya fi mai tafiya a ƙasa amfana, ana kuma kwashe man zuwa ƙetaren iyaka. Amma an cire shi a jumla ɗaya ranar rantsar da Shugaba Bola Tinubu, bayan makonni biyu aka saki naira, ba tare da an tanadi motocin haya masu araha ko ingantacciyar rajistar mabuƙata ba. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 nan take, ta wuce 1,000 a 2024. Dala ta tashi daga kusan naira 460 zuwa sama da 1,500. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024. Sabon mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 bai zo ba sai Yulin 2024, bayan fiye da shekara guda ana wahala, kuma kai ka fi ni sanin abin da yake iya saya. A cikin watannin da ake ce wa talaka ya yi haƙuri ne aka saya wa 'yan majalisar tarayya sababbin motocin alfarma. Zanga-zangar Agustan 2024 da ta fi zafi a Kano da Kaduna da sauran biranen arewa ba daga sama ta faɗo ba.

Idan kun sake zama da yayanka, kada ka ce masa bashi ba komai ba ne, zai kayar da kai, kuma da gaskiyarsa. Ka tambaye shi abu uku: me aka yi da abin da aka ranta, da wane kuɗi ake bin mu, kuma wa ake yanke wa idan an zo yankewa. Sannan ka kawo maganar gida. Tun da aka cire tallafin, kason da jihohi ke karɓa daga asusun tarayya kowane wata ya ƙaru sosai a lissafin naira. Jihohi da yawa yanzu suna wallafa kasafinsu da rahoton yadda aka kashe shi duk bayan wata uku a shafukansu na intanet. Ku buɗe na jiharku ku biyu, shi da ya iya karanta jadawali. Ku duba abin da aka ware wa ilimin firamare da ƙananan asibitoci, ku duba nawa aka saki a zahiri, domin warewa daban sakewa daban. Ku kwatanta da abin da aka saki na gidan gwamnati da tafiye-tafiye da sayen motoci. Ku duba ko jihar ta biya nata kason don karɓo kuɗin hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, domin akwai biliyoyin naira da ke kwance a can shekara da shekaru saboda jihohi ba su biya ba. A 2001, a Abuja, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya. Gwamnatin tarayya ba ta taɓa kaiwa ba, galibi tana yawo ne a kusa da kashi 5. Ka ɗauki adadin da kuka samu na jiharku, ka ajiye shi kusa da yawan yaran da ke zaune a ƙasa a ajinka, ka kai wa shugabannin ƙungiyar malamai ta ƙaramar hukumarku kafin zaman sauraron ra'ayin jama'a a kan kasafin baɗi.